Takalman Usta Haruna

"Ajiye shi, ranarsa na zuwa."

Duk wanda ya zauna da maigidana, ko da na wuni ɗaya ne, ya ji wannan magana daga bakinsa. Ka ba shi sabuwar hula, zai juya ta, ya shinshina, ya yi ta godiya har ka ji kunya, sannan ya wuce da ita ɗaka ya sa a akwati. Gobe ka gan shi da tsohuwar, wadda zufa ta cinye wa baki. Akwatin ƙarfe ne kore, irin wanda mahajjata ke saya. Ku da kuka shiga ɗakinmu a unguwar Karantina kun san shi, don a kansa baƙi ke zama.

Ni Ladi nake faɗa, jikata Maryam tana rubutawa, don ban yi karatun takarda ba. Sunansa da kuka gani a sama ita ta sa. Ni duk zaman da muka yi ban taɓa kama shi ba, kuma ba yanzu da yake ƙasa zan fara ba. Usta nake ce masa, yadda ake ce wa gwanin maƙeri a nan Jidda. In kun ga magana ta yanke a tsakiya, ku yi haƙuri, ni ce na tsaya share ido.

Ranar auren 'yarmu gida ya cika, kofunan shayi suka kasa. Na san akwai sababbi a akwati, masu zanen ruwan zinari, waɗanda wani alhaji ya ba shi.

Na ce, "Usta, miƙo mabuɗi, yau dai ranarsu ta zo."

Ya ce, "Wannan bikin 'ya ɗaya ne, Ladi. Sauran fa, da me za a sha nasu?"

"Waɗanne sauran? Ita kaɗai ce mace a gidan nan!"

"Ke kin san abin da Allah zai yi?"

Jama'a, a lokacin furfura ta kama mini gaban goshi! Haka dangin ango suka sha shayi a gwangwanin madara, shi kuwa yana zagayawa yana ce musu ya fi riƙe zafi.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya, akwatin nan da kunnensa. Kunne kam Allah ya ba shi. A wancan zamani ruwa a kurar jaki ake kawo mana. Yana zaune zai ce, "Fito da tulu, jakin Amm Garba ne ya shigo lungu." Amm kamar a ce baffa ne a bakin mutanen nan. In leƙa, ban ga kowa ba. Kafin in gama mita sai ga jakin. Ƙarfe kuwa ƙwanƙwasa shi yake da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, wancan yana da ciwo a ciki. Ni kaina ban isa in yi gunaguni a madafa ba. Daga ƙofar gida zai ɗaga murya: "Na ji ki, Allah ya yafe miki."

Bayan da Turawa suka taka wata da 'yan shekaru, sai wani kamfanin baƙi ya zo neman maƙera. Amininsa Amm Bashir, Bahaushen Sudan, shi ke tuƙa musu babbar mota, shi ya kai shi. Wurin aikin can yake wajen gari, gabas da Abhur, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, ba gida ba inuwa. Da asuba mota ke kwasarsu, sai magariba ta dawo da su.

Ranar farko ya dawo ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Ladi, kawo tabsi." Tabsi shi ne babban farantin da muke zuba shinkafar taro. Na ɗauka yunwa ce. Ina! Ɗaga shi ya yi ya jingina a bayan kansa.

"Kunne za mu gina," in ji shi. "Kunnen ƙarfe, kamar wannan, amma faɗinsa ya fi filin ƙwallon yaran unguwa."

"Kunnen wa?"

"Na duniya. Sun harba wani kumbo sama, ba mutum a ciki. Ya wuce wata, yana can yana tafiya wajen taurari, yana aiko da labari. Amma kafin muryarsa ta iso nan ta gaji, ba ta kai takun tururuwa ba. Farantin ne zai tare ta, ya tattara ta a tsakiya, kamar yadda mai ke taruwa a gindin tabsi. Shi ya sa aka kai shi bayan duwatsu, kada hayaniyar gari ta dame shi."

Na ce, "To me yake cewa, shi kumbon?"

"Shi ne abin da zan je in jiyo miki."

Daga ranar ba mu ƙara samun wata hira a gidan nan ba. An haƙa rami wanda zai haɗiye masallacin unguwa, an cika shi da siminti. An kafa ƙafa. An ɗora haƙarƙari. Farantin zai riƙa juyawa a kan tayoyi yana bin kumbon yadda yaro ke bin uwarsa da ido. Sai da sanyin safiya ake auna shi, don rana in ta buga ƙarfe yakan miƙe, kuma in falle ɗaya ya kauce da kaurin gashi, muryar za ta zube a ƙasa. Duk wannan na haddace shi, ni da ban taɓa ganin wurin ba. Maƙwabta in sun hango shi tafe da yamma, sai kowa ya tuna yana da wani uzuri.

To, ga inda abin ya ɓaci. Kamfani ya raba wa kowane ma'aikaci kaya uku: hular kwano, da takalma masu ƙarfe a hanci, da wani marufin kunne, baƙi, mai laushi a ciki, wanda ake ɗorawa ta saman kai. Aikin Usta shi ne buga ƙusoshin da ke riƙe fallayen farantin, da wata guduma mai aiki da iska. Amm Bashir ya ce ƙararta in ta shiga cikin kwanon nan, ta buga ta dawo, har a haƙori mutum ke jinta.

Kun riga kun san inda kayan uku suka kwana.

Na ce, "Usta, na aiki ne fa aka ba ka."

"Irin wannan takalmi a cikin siminti? Ki taɓa fatar ki ji. Haram!"

Da shugaban aikin ya ce ba mai hawa sai da kayansa, Usta ya tafi kasuwar gwanjo ya tono wata fasasshiyar hula, da takalma biyu da ba uwarsu ɗaya ba, ɗaya baƙi ɗaya ja. Marufin kunnen ne bai samu ba. Sai ya ƙera nasa. Gwangwanin kifi biyu, ya haɗa su da tsinken laima, ya naɗe da baƙin ƙyalle, ya ɗinke da hannunsa. Wallahi in ka hango shi daga ƙasa ba za ka ce ba na kamfani ba ne. Ya sa ya tsaya a gabana yana juyi kamar ango.

Na ce, "Yana tare ƙara?"

"Yana tare idon shugaba. Ai shi ne aikinsa."

Amm Bashir ya yi masa faɗa har a gabana, da irin kiran nan nasu na Sudan. "Ya zol, kai mahaukaci ne? Kuliyoyin kwarin nan duk sun san ka, bin ka suke saboda warin kifi. Sa na gaskiyar!"

A nan Usta ya fito da abin da ke ransa. Ashe ya leƙa ɗakin da injiniyoyi ke zama, ya ga kowanne da irin wannan abu a kunne yana saurare. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa nasa ma na saurare ne, an ba su ne tun da wuri don ranar da za a kunna farantin.

"Nasu da waya a jiki, ya sheikh," in ji Amm Bashir. "Naka ba waya. Nasu na ji ne, naka na hana ji ne."

"Wayar ranar za a raba. Kai direba ne, me ka sani? In na tsufar da shi yanzu, da me zan ji?"

Mun yi dariya. Ni ma na yi. Wayyo, mun yi dariya sosai.

Jakin Amm Garba ne ya fara faɗa mini gaskiya. Wata Juma'a Usta yana zaune a ƙofa, jakin ya shigo lungu, ya wuce ta gabansa, bai ɗago ba sai da inuwa ta faɗo masa. Bayan haka rediyo ya fara ƙara murya, har maƙwabta suka daina kunna nasu. Na gwada shi da gangan, na yi gunaguni a madafa, mai kyau, har da ambaton akwati. Na jira "Allah ya yafe miki." Shiru. Ban taɓa zaton zan yi kewar wannan magana ba.

Likitan kamfani ya duba shi, Amm Bashir na fassara. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma saura da dama. In ya sauko daga kan guduma yanzu, ya koma gadin ƙofa, zai tsira da abin da ya rage. In ya ci gaba, shi ke nan, kunnen ya tafi.

Na roƙe shi. Ban taɓa roƙonsa komai haka ba. Na ce, "Usta, ka ce don ka ji kake wannan aiki. In kunnen ya mutu kafin ranar fa?"

"Saura zagayen baki kawai, Ladi. In bar wani ya rufe mini faranti? Wanda ya fara ɗinki shi ke kashe zare."

"To sa na gaskiyar, ko na wata ɗaya ne."

"Ranarsa ta kusa. Yanzu kuma zan ɓata shi?"

Na aika ɗanmu Sale wajen limamin unguwa. Liman ya zo har gida ya yi masa nasiha mai tsawo a kan amanar jiki. Usta ya sunkuyar da kai, ya yi ta gyaɗawa. Da liman ya fita ya juyo ya ce, "Mutumin kirki ne. Amma me ya sa yake magana a ciki-ciki kamar marar lafiya?"

Aka gama. Aka shafe farantin da farin fenti, har daga hanya ana hango shi yana ƙyalli tsakanin duwatsu. Kamfani ya ce duk wanda ya sa hannu a ginin ya zo, za a kunna a gabansu su ji abin da suka gina.

Ran nan da idona na ga an buɗe akwati ba tare da na roƙa ba. Ya sa farar riga sabuwa, wadda linki ya yi wa layi-layi saboda daɗewa. Ya ɗora hular kwano ta gaskiya. Ya rataya marufin kunne a wuya. Takalman kuwa ya ɗaga su, ya hura musu iska, ya mayar.

"Usta! Yau ma?"

"Ba a ƙarar da komai rana ɗaya. Hanyar akwai tsakuwa."

Haka ya fita, sama injiniya, ƙasa silifa.

Abin da ya faru can, daga bakin Amm Bashir na ji, shi ma sai da na matsa masa. An tara su a inuwar farantin, an fito da lasifika waje. Farantin ya juya a hankali, ya kalli wani gefe na sama inda ido ba ya ganin komai. Injiniya ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Usta yana sahun gaba. Ya yi bisimilla, ya ɗaga marufin nan ya rufe kunnuwansa biyu, ya lumshe ido.

Sai muryar ta fito. Amm Bashir ya ce 'yar siririya ce, tsiyau-tsiyau, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Mutane suka yi kabbara. Sannan wani ya hango Usta da kunne a toshe yana ta murmushi, ya taɓa na kusa da shi, dariya ta kama sahu har Turawan. Amm Bashir yana dariya ya miƙa hannu ya zare masa abin daga ka.

"Ya zol, cire! Ga ta nan tana yi!"

Usta ya buɗe ido. Ya karkata kai wajen lasifika. Ya matsa kusa, ya sa tafin hannu a bayan kunne. Ɗan tsakon yana ta kuka. Sai ya juyo ya ce, "To su kunna mana, me ake jira?"

Amm Bashir ya ce bai taɓa jin dariya ta mutu da sauri haka ba. Muryar mutum mai kauri a lokacin yana ɗan kama ta. Siririyar ce guduma ta fara cinyewa, ita kuwa muryar sama siririya ce.

Da yamma ƙofar gidanmu ta cika, don shekara da shekaru yana yi wa unguwa alkawari. Ya sauko daga mota, aka ba shi kujera.

"Usta, ka ji?"

"Na ji mana! Wa zai ji in ban ji ba?"

"Yaya take?"

Ya yi gyaran murya. "Kamar tambari daga nesa. Mai nauyi. Har a ƙirji."

Amm Bashir ya dubi ƙasa. Allah ya saka masa da alheri, har ya mutu bai ƙaryata amininsa a gaban mutane ba.

Daga nan muryar sama ta shiga canza kama. Ga yara, kukan raƙumi ce. Ga liman, kamar karatu ne daga masallaci mai nisa. Ga matan unguwa, guɗa ce. Wata rana Amm Garba mai jaki ya ce, "Usta, bara ka ce tambari, bana ka ce guɗa."

"Kumbon tafiya yake, ya Garba. Kai in ka yi nisa haka muryarka ba za ta canza ba?"

Marufin kunnen ya koma akwati. An sa shi sau ɗaya, a ranar da bai kamata ba.

Ni bai taɓa ba ni ko ɗaya daga labaran nan ba. Alkawarin da ya yi mini da tabsi a kai, cewa zai jiyo mini, bai sake tayar da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai bayan 'yan watanni ya fara kiwon kaji a saman soro, shi da ya tsani kaji, yana cewa ɓarayin hatsi ne. Ashe ya sa Amm Bashir a gaba sai da ya gaya masa ainihin yadda take. Wata rana da hantsi na hau shanya, na same shi zaune a bayan tankin ruwa. Ya riƙe ɗan tsako a tafin hannu, ya manna shi a kunnensa, ido a rufe. Tsakon yana ta ihu. Ya mayar da shi ɗaya kunnen. Bai ji hawowata ba, bai ji saukata ba. Wankin a jiƙe na sauko da shi.

Maryam, dakata kaɗan.

To. Sauran shekarun kun san su. Kunnen ya rufe gaba ɗaya. Kiran salla sai na taɓa masa kafaɗa. Jikokinsa duk ya ɗauke su a hannu, amma bai san muryar ko ɗayansu ba. Da Sale ya ɗauke mu muka koma bene a unguwar Safa, abu ɗaya ya hana masu ɗauko kaya su taɓa: shi da kansa ya rungumi akwati har sama, yana haki yana cewa su ba su san darajar kaya ba. Kowace Sallah zai fito da takalman, ya shafa musu mai, ya nuna wa jikoki hancin ƙarfen, ya mayar. Ni kuwa in ce a bayansa, da ƙarfi yanzu tunda ba mai ji, "Ranarsu dai ba ta zuwa."

Ya rasu da safe, bayan gajeruwar jinya. Ana shirya shi a ɗaki, ni ina zaune kan akwati. Sai na tuna abin da malamai ke faɗa, cewa mamaci in an sa shi a kabari yana jin takun waɗanda suka raka shi sa'ad da suke komawa. Na ce a raina, shekara nawa bawan Allah nan bai ji komai ba, abin farko da zai ji kuma ya zama silifa a kan rairayi?

Na ciro mabuɗi daga aljihun rigarsa. Ga kofuna masu ruwan zinari, ga huluna da asu ya cinye, ga sabulu ya bushe kamar dutse. Takalman kuwa lafiyarsu ƙalau, saboda man da suka sha.

Na kira Sale. "Sa waɗannan."

"Ummi, zuwa maƙabarta? Sun yi mini yawa. Mutane za su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Mu mata ba ma zuwa, kai ne ƙafata. In an gama, ka bari kowa ya yi gaba. Sannan ka tako, da ƙarfi, a kan tsakuwa. Kada ka yi sauri."

Ya tafi da farar riga da takalman gini, ƙwas, ƙwas, tun daga matakala. Ya ce a maƙabarta mutane sun yi ta satar kallonsa, wasu na rufe baki. Amm Bashir ne kaɗai, yana dogara sanda, ya dubi ƙafafun, ya gane su. Ya fashe da dariya a tsakiyar mutane, dariyar ta juye kuka, ya ce, "Taka, ɗana. Taka ya ji. Amma bi a hankali wajen taɓon can, in ka ɓata su ba zai yafe maka ba."

Da Sale ya dawo na karɓe su da ƙurarsu. Ban goge ba, ban mayar a akwati ba. Suna nan bakin ƙofa, duk jikan da ya so ya sa ya yi ta ƙwas-ƙwas a tsakar ɗaki, ba na hanawa. Kofunan ma da su muka ba masu gaisuwa shayi.

Ya Allah, bawanka ya gina kunne don duniya ta ji abin da ke nesa, shi bai ji ba. Ka yafe masa taurin kansa. Ka buɗe masa kunnuwansa biyu, ka jiyar da shi sallamar mala'ikunka, a hankali, ba sai an ɗaga masa murya ba. In tawa ranar ta zo, ka sa ya gane takuna tun daga bakin lungu. Amin.